Kakuri Bayan Jiniya Ta Yi Shiru

Ɗaurin auren autar kawuna ne ya kai ni Kaduna a ƙarshen kaka. Na hau jirgin safe daga tashar Idu a Abuja, na samu kujera a bakin taga. An riga an kwashe masara, dawa ce ta rage a gonaki ta sunkuyar da kai. Har muka wuce Jere ana ta hira a taragonmu, amma da muka doshi Rijana sai surutu ya ragu. Ba wanda ya ce uffan. Kowa ya san a wannan tsakanin ne 'yan bindiga suka tare jirgi a daren 28 ga Maris 2022, suka kashe mutane, suka kora wasu da dama cikin daji, jirgin bai sake tashi ba sai Disamba. Wata dattijuwa a gefena ta ciro carbi. Ni ma ban daina salati a zuci ba sai da na hango rufin kwanon Rigasa.

Wannan kawun shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. A lokacin a Kakuri yake, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, kusan kowane ɗaki ma'aikacin masaƙa ne a ciki. Jiniya ce agogonmu. In ta kaɗa da sassafe, masu aikin dare na fitowa, na safe na shiga, titi ya cika da kekuna kamar an taso daga Idi. Masu koko da ƙosai, masu shinkafa da wake, masu doya da manja, duk sun jeru a bakin get. A ci bashi a rubuta a littafi, ranar albashi a biya. Na bar garin ina saurayi, kuma duk zuwan da nake yi tun daga nan a Rigasa nake tsayawa, inda Kawu ya koma bayan rikicin shekarar 2000. Fiye da shekara ashirin rabona da taka Kakuri.

Washegarin ɗaurin aure, da baƙi suka ragu, na ce, "Kawu, ina so ka raka ni tsohuwar unguwa."

Ya daɗe yana kallona. "Me ka ajiye a can?"

"Ba komai, Kawu. Gani nake so in yi."

"To, ka daure zuciyarka," in ji shi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko hula.

Muka ɗauki shatar Keke Napep, muka ratsa Tudun Wada, muka fito ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, muka hau gada. Ruwa ya fara janyewa, duwatsu sun fito, masu ɗibar yashi na ta fama da kwalekwale. Kaddunan wannan kogin ne suka ba garin suna, kuma ruwansa da layin dogo suna cikin abin da ya sa Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan a 1917. Bayan shekara arba'in, ruwan nan da layin dogon nan ne suka sa aka zaɓi kudancin kogin aka kafa masaƙa.

Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL, ta fara aiki a 1957. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, kuma ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar nan. Lissafin Sardauna da mutanensa ba shi da wuyar ganewa. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi da ƙasar Zazzau ake lodawa a tarago a kai bakin teku, a saƙa ta a Ingila, a dawo mana da ita mu saya da tsada. Me zai hana a saƙa ta a gida? Daga nan sai ga Nortex, ga Arewa Textiles da Japanawa suka zuba jari a cikinta, ga UNTL da iyalan Cha na Hong Kong suka kafa a 1964. A wannan shekarar aka kafa masana'antar makamai ta DICON, ita ma a Kakuri. Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980 can gaba kan hanyar Kachiya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa baki ɗaya a Kaduna take da hedkwata, kuma daga cikin Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakatarenta a 1982, kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Ban da matatar, duk wannan a wuri ɗaya, tsakanin Kakuri da Makera da Nasarawa.

Abin da na tarar ranar nan katangu ne dogaye, sun yi baƙi da ruwan sama. Ta saman wata katanga na hango bishiyar darbejiya ta fasa rufin wani zauren aiki ta fito. Inda masu abinci ke jeruwa, awaki ne kwance. Akwai mutane, ba a ce unguwa ta mutu ba: masu faci, masu cajin waya, 'yan acaba a gindin kowace inuwa, manyan motoci na shiga ɗakunan ajiya. Amma wannan motsin na mutanen da ke jiran sa'a ne. Wancan da na sani na mutanen da ke sauri kada a rufe get ne.

A bakin get ɗin masaƙar da ya yi wa aiki shekara ashirin da shida, Kawu ya ce wa mai keke ya tsaya. Maigadi wani matashi ne, ya gaishe mu da ladabi, ya ce ba a ba shi izinin barin kowa ya shiga ba. Kawu bai yi musu ba. Ya dafa ƙarfen get ɗin ya leƙa. Ya nuna mini inda sashen kaɗi yake, inda sashen saƙa yake, da dogon bututun hayaƙin tukunyar tururi. Da masaƙi ya fara, daga baya ya zama makanikin injin saƙa, layi guda na injina a hannunsa. Kunnensa na hagu a can ya bar shi. Ya ce ƙarar zauren saƙa ba ta barin ka ji muryar wanda ke gabanka, da leɓe da hannu suke magana, har yau in yana sauraronka bakinka yake kallo.

Sai ya yi wani abu da ban zata ba. Ya ja wani zare da ya fito daga bakin aljihun rigarsa, ya tsinka shi biyu, ya haɗa bakunan tsakanin babban yatsa da manuniya, ya murza sau ɗaya. Kafin in ƙifta ido ya miƙo mini. Ƙulli ne ƙarami, da kyar na gan shi, na ja bai kwance ba. "Wannan ne abin da ake fara koya wa yaro," in ji shi. "In zare ya tsinke inji na gudu, ba ka da lokacin tunani. Wanda bai iya wannan cikin mako biyu ba, sai a mai da shi shara." Hannun nasa yanzu rawa yake in ya ɗauki kofin shayi, amma ƙullin bai kuskure ba. Maigadin ya matso ya ce, "Baba, don Allah sake yi in gani."

Kawu na da wata jakar leda a ƙarƙashin katifarsa, da takardar ɗaukarsa aiki da katin shaidarsa da takardar lissafin giratutinsa. Ba a biya shi ba. Ya je zaman ƙungiya ba adadi, ya sa hannu a takardu ba adadi, da yawa daga waɗanda suka fara jiran tare sun riga mu gidan gaskiya. Ni dai duk wanda zai yi mini maganar farfaɗo da masaƙu, ina so in fara jin me ya tanadar wa irin waɗannan dattawan. Yaron da ya tashi yana ganin yadda aka yi da ubansa, da wane baki za ka ce masa ya zo ya ba masana'anta ƙuruciyarsa?

A hanyarmu ta fita na tambaye shi abin da kowa ke tambaya, wai me ya kashe masaƙun. Ya ce, "Ɗan nan, masaƙa kamar jela take, ba ita ce kai ba. Kan yana gona." Maganar ta tuna mini da wani surukinmu da ya zo biki daga wajen Funtuwa, wanda muka yi hira da shi daren ɗaurin aure. Ya ce a zamanin mahaifinsa hukumar auduga ce ke raba iri, ta sanar da farashi, ta saya a kasuwannin da ta ware, a kai injin gurza. Da aka rushe hukumomin amfanin gona a 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na SAP, manomi ya koma shuka duk anguryar da ya samu, iri ya cakuɗe, tsawon zare ya lalace, mai saye kuma sai wanda Allah ya kawo. Shi yanzu masara da waken suya yake yi. Ya ce auduga na cin feshi, na cin kuɗin tsinka, ga ta da daɗewa a gona, ga daji ba lafiya a yawancin ƙasar da aka san ta da auduga. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da irin Samcot da ta fitar, an kuma amince da auduga mai jure tsutsa a 2018, amma ya ce, "Alhaji, iri ba ya sa mutum noma. Mai saye ke sa shi."

Ga kuma wuta da mai. Masaƙa dare da rana take aiki, ɗauke wuta sau ɗaya na nufin zare dubu ya tsinke. Tukunyar tururin da ake rini da buga zane da ita baƙin mai take sha, kuma daga matatar Kaduna ake samunsa. Da matatar ta fara tangal-tangal, baƙin mai ya koma hannun 'yan bumburutu. A daidai wannan lokacin kaya suka ɓarke daga Chaina. Ana sauke su a Kwatano, a hau da su Maraɗi, su shigo ta Jibiya da sauran ɓarauniyar hanya, su cika Kantin Kwari. Kawu ya ce abin da ya fi ƙona musu rai, sai a fitar da sabon zane a Kaduna, kafin wata uku a ga irinsa sak a kasuwa, har da tambarin masaƙar a gefen atamfar, a rabin kuɗi. KTL ta rufe a 2002. UNTL ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010 bayan gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da masaƙu da ɗinki. Kuɗi ne masu yawa, an kuma ga amfaninsu na ɗan lokaci, sai dai rance ba ya kawo wuta, ba ya tsare iyaka. An zuba ruwa ne a tulun da ba a liƙe ba.

Daga Kakuri Kawu ya ce mu zarce Sabon Tasha, akwai wanda yake so ya gani. Wani abokin aikinsa ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda ɗakinsa ke kallon namu a gidan hayar nan. Matarsa ce ke ba ni tuwon acca in Inna ta tafi unguwa. Da ya fito ya ga Kawu, sai ya tsaya cak, sannan suka rungume juna ba wanda ya iya magana. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni." Ya kama kunnena ya ce, "Kai ne mai satar mini rake?" Shekara tara rabonsu da haɗuwa, alhali gari ɗaya suke.

Wannan ita ce asarar da ba a cika lissafawa ba. Bayan rikicin 2000 da na 2002, mutane suka ware, Musulmi suka yi arewacin kogi, Kiristoci suka yi kudu. Rufewar masaƙu ta zo daidai da wannan rabuwar, kuma a ganina kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. A zauren saƙa Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe inji ɗaya suke tsaro, ƙungiya ɗaya suke biya wa kuɗi, in za a yi yajin aiki tare suke fita. Yau 'ya'yan Kawu da 'ya'yan Baba ba su san juna ba, ba kuma inda aiki zai haɗa su. Baba ya ce ɗansa na biyu ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ya karanta fasahar saƙa, yanzu POS yake yi a bakin titi.

Ba zan ce ban ga alamun motsi ba. A jirgi ba a ganinsu sosai, amma wanda ya bi titin Abuja zai wuce babban kamfanin abincin kaji da ƙyanƙyasa na Olam da aka buɗe a 2017, da sabuwar masana'antar harhaɗa Peugeot da Ɗangote ya shiga cikinta, wadda ta fara aiki a 2022. A Kakuri kanta akwai tashar tsandauri da aka ƙaddamar a Janairun 2018, don ɗan kasuwa ya karɓi kwantenarsa a nan ba sai ya je Legas ba. Olam ta tsaya ne saboda masara da waken suya suna nan a ƙofarta, masu kiwon kaji kuma na jiran kayanta. Kai da jela duk suna wurin. Tashar tsandauri kuwa ƙarfinta na ga jirgin kaya daga Legas, kuma muddin manyan motoci ne ke ɗauko kwantenonin, rabin amfaninta ne ake ci.

Abin da na fi sa wa ido shi ne gas. Bututun da aka fara shimfiɗawa a Yunin 2020 daga Ajakuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ta Kaduna zai bi. Ranar da gas ya iso Kakuri da Kudenda a farashin da masana'anta za ta iya biya, ranar ce za a fara maganar gaskiya, don shi zai maye gurbin baƙin mai, shi kuma zai iya juya tashar lantarki mai megawat 215 da aka fara ginawa a Kudenda tun 2009 garin bai sha wutarta ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. In da ni ake shawara, da na ce kada a ce za a haska ko'ina lokaci ɗaya. A ware unguwar masana'antu ɗaya, a tabbatar mata da wuta awa ashirin da huɗu, a gani ko masu jari ba za su zo da ƙafarsu ba. Sai mai saye. Peugeot 504 ta cika ƙasar nan ne saboda gwamnatin soja ta wancan lokacin ta ce ita jami'anta za su hau. Kakin soja da na 'yan sanda da na masu yi wa ƙasa hidima, zannuwan gadon asibiti, kayan 'yan makaranta na jihohin Arewa 19, waɗannan kaɗai sun isa su riƙe masaƙa biyu ko uku. Umarnin gwamnatin tarayya na sayen kayan gida yana nan a rubuce tun 2017. Aiki da shi ne ya rage.

Amma wurin da ya fi sanyaya mini zuciya ba ya cikin duk waɗannan. A rana ta uku na ja Kawu muka shiga Panteka. Tun daga bakin hanya ƙarar guduma ke tarbarka, ga tartsatsin walda ta ko'ina, ga warin gawayi da narkakken dalma. A wata rumfa na tsaya na kalli yadda ake zubin tukunya: a danna tsohuwar tukunya cikin damshin ƙasa a fitar da siffarta, a narka gwangwanaye da tarkacen inji, a kwarara, kafin ka gama gaisawa da maigidan an fasa ƙasar an ciro sabuwa tana tururi. Gaba kaɗan ana ƙera injin markaɗe, injin sussukar masara, injin ɓare gyaɗa, ƙofofi, gadaje, akwatunan ƙarfe. Kowane maigida da yara biyar ko goma a ƙarƙashinsa. Ba wanda ya ba su biliyan ko ɗaya. Kukansu ɗaya da na masaƙun da suka mutu: wuta, da tsadar man janareta, wadda ta ninka tun da aka cire tallafi a 2023. Haka na gani a Kasuwar Barci, inda teloli ke jere rumfa bayan rumfa, kekuna na gudu, amma yadin da ke ƙarƙashin allurarsu kusan duk daga waje ya zo. Masu ɗinkin suna nan, masu ƙirar suna nan. Tsakiyar igiyar ce ta tsinke.

A rumfar wani mai ƙera injin niƙa, yara na gwada sabon inji, yana gudu yana wata ƙara. Kawu bai ji ƙarar sosai ba, amma ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin, ya rufe ido. Ya ce a kashe. Ya ce wa yaron, "Sandar nan ba ta zauna daidai ba, ta karkata hagu. In ka ba mai shi haka, wata biyu boris zai ci." Yaron ya dubi maigidansa. Aka kwance, aka auna, haka ne. Maigidan, wanda ba zai wuce shekara arba'in ba, ya cire hularsa ya ce, "Baba, a ina kuka yi aiki?" Da Kawu ya gaya masa, sai ya sa aka kawo benci da ruwan sanyi. Suka shafe fiye da awa ɗaya, Kawu na zana masa a ƙasa da tsinke yadda ake daidaita sanda da bel ba tare da na'ura ba, yara sun kewaye su.

A nan tsoro ya kama ni. Irin su Kawu da Baba akwai su da yawa a Rigasa da Sabon Tasha da Tudun Wada da Nasarawa: makanikai, masu haɗa launin rini, masu gyaran tukunyar tururi, masu lantarkin masana'anta. Ƙaraminsu ya ba sittin baya. Ana iya sayo sabon inji daga Chaina ko Indiya cikin wata shida, amma mutumin da zai ɗora hannu a jikin inji ya san ciwonsa shekara ashirin ake yi ana yin sa. In gas ya iso bayan an binne su, sai a ɗauko baƙi daga waje su koya wa jikokinsu abin da kakanninsu suka sani. Haɗa waɗannan dattawa da yaran Panteka da ɗaliban kwalejin fasaha ba ya jiran bututu, ba ya jiran Abuja. Ɗan alawus ne da benci da rumfa.

Da za mu tafi, maigidan ya riƙe hannun Kawu ya ce, "Baba, ko sau ɗaya a mako ne, ku riƙa leƙo mu. Kuɗin mota a wuyana." Kawu ya ce zai duba. A keke bai ce komai ba har muka isa gida, ni ma ban tayar da maganar ba.

Ranar da zan koma, Asabar ce, na fito da jakata bayan sallar asuba na tarar da shi zaune a zaure ya riga ni shiryawa. A gefensa akwai wata tsohuwar jakar fata da na sani tun ina yaro, wadda yake ɗaurewa a bayan kekensa. Ya buɗe ta yana goge sifanu ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, ko koko ba za ka sha ba?" Ya ce ta ajiye masa. Muka fito bakin titi tare. Na tare keken da zai kai ni tasha, shi kuma ya tsallaka ɗaya hannun, ya ɗaga wa mai zuwa cikin gari hannu.